Layin da Bai Fito Ba

A ɗakin na'urori na jami'a Auta ta fara ganin Dogo, sanye da gilashin kare ido. Ta shigo da kwalbar sinadarin da ta haɗa da ƙarfen osmiyam, wanda digirinta ya rataya a kansa. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce ta rufe kwalbar da kyau, tururin osmiyam yana cin ido. Ta ji haushi, amma ta rufe.

Ƙwayoyin kowane sinadari suna motsi, na'ura ce ke zana motsin a layuka, daga nan a gane yadda suke ɗaure da juna. Na'urar Auta da hasken leza take haska sinadari, ta Dogo kuma da hasken da ido ba ya gani. Tun ana gaisuwar aiki har ta kai kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Haskena, kin sa gilashinki? Idanun nan ba naki ba ne ke kaɗai."

Sai ga matsala. Da suka gwada sinadarinta, layin da ya fito a na'urarsa bai fito a tata ba, nata kuma babu shi a tasa. Malaminsu ya ce lallai ɗayansu ya gurɓata samfurin, ba zai sa hannu a kan aikinta ba. Wani ɗan ajinsu da ya daɗe yana sonta ya kai wa mahaifinta cewa Dogo ne ke ɓata mata aiki don kada ta wuce shi. Baba ya ce kada ya sake jin sunan yaron a gidansa. Abin takaicin ma, ita kanta Auta zuciyarta ta fara rawa. Ta roƙi Dogo ya janye sakamakonsa kowa ya huta.

Amsarsa ta zo da yamma: "Haskena, na san idan na janye za a sa miki hannu, wataƙila ma Baba ya sauko. Amma abin da na gani na gani. Ki yafe mini."

Ta yi kuka, ta daina amsa wayarsa. Da abin ya ishe ta, ta ɗauki sabon samfuri ta gwada da hannunta a na'urar tasa. Layinsa ya fito cak a inda ya ce.

Ta daɗe zaune da takardun sakamakon na'urorin biyu kafin ta gane. A cikin sinadarin, osmiyam yana tsakiya, ƙwayoyi biyu na iskar oksijin suna fuskantar juna. Idan suka miƙe tare, na'urarta ce kaɗai ke gani. Idan ɗaya ta matso ɗaya ta ja baya, sai tasa. Ashe rashin haɗuwar layukan shi ne shaidar da take nema ta yadda ƙwayoyin suke ɗaure. Malam ya duba ya sake dubawa, ya sa hannu.

Ba takardun ta kai wa Baba ba, saƙon Dogo na ƙarshe ta nuna masa. Ya karanta, sannan ya ce, "Ya yarda ya rasa ki don kada ya yi ƙarya? Ce masa ya turo iyayensa."

Ranar aurensu, da jama'a suka watse, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na zarge ka."

"Rabi kika gani, rabi na gani," in ji shi. "Share hawayen, na ce miki idanun nan ba naki ba ne ke kaɗai."

Allah ya albarkaci zamansu, ya bar su kan gaskiyar da ta haɗa su.