Ƙofar da Aka Kai Kallo

Yammacin ranar da aka cire ƙofar, Bi Tatu tana tsakar gida tana kankare kwakwa don miyar kifi, ranta ba daɗi. Gidansu yana can cikin lungunan tsohon garin Zanzibar, inda mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkata. Tun da aka kawo ta amarya ƙofar nan take gani: baƙin katako mai nauyi, da ƙusoshin tagulla, da zoben ƙwanƙwasawa. Wasiyya ɗaya uwar mijinta ta bar mata, cewa duk yammacin Alhamis ta shafe ƙofar da man kwakwa, ta turara ta, kada ta tambayi dalili.

A shekarar ne hukumar gari ta tashi haiƙan sai birnin ya zama matattarar masu zane da makaɗa na duniya. Aka yi wa tsoffin gidaje fenti, aka gina katafaren zauren nune-nune a bakin teku. Mijinta Vuai, mutumin da ko taron suna ya je sai ya san yadda ya yi lasifika ta zo hannunsa, shi ya fara ba da aron ƙofarsa a kai zauren, don an ce za a rubuta sunansa a ƙasanta.

"Maman Riziki, duniya ce za ta tsaya gaban ƙofarmu," in ji shi. "Ke kuwa kina nan kina shafa mata mai kamar jaririya."

"Baban Riziki, gida ba ya kwana tsirara."

"Ga ta ƙarfe an kafa. Wane tsirara kuma?"

Ya tafi masallaci. Aka idar da kiran magariba, hankakin da ke kan rufi suka yi tsit, lungun ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Can sai aka ƙwanƙwasa, ƙarar tagulla a kan katako. Gaban Bi Tatu ya faɗi, domin sabuwar ƙofar ba ta da zobe, ba ta da katako.

"Hodi," aka ce daga waje, a hankali.

Kowace uwa a garin nan tana jan kunnen 'ya'yanta: in rana ta faɗi, ba a amsa wa mai sallama sai an ga fuskarsa. Amma Riziki, 'yarsu tilo, tana jiran ƙawayenta ne su tafi koyon rawar da za su yi ranar bikin buɗe zauren. Kafin uwar ta buɗe baki, yarinyar ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Karibu! Ku shigo mana!"

Ba wanda ya shigo. Wata iska mai sanyi ce kawai ta ratsa tsakar gidan, sannan dutse ya faɗo cikin kwanon kwakwar. Dutsen teku ne, jiƙe sharkaf, yana warin gishiri.

Daga ranar, da zarar rana ta yi ja sai jifa ta fara. Riziki ta daina ci, ta daina magana. Magariba na yi za ta miƙe ta je bakin ƙofa ta sandare, hannuwa a buɗe, ido a rufe. In aka kunna fitila ko aka dube ta, sai ta kurma ihu: "Ku daina kallona!" Bi Tatu ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba, domin tana kallon 'yarta tana ƙarewa kamar kyandir.

Ana gobe za a buɗe zauren aka samo Malam Jecha, wani tsoho siriri daga tsibirin Pemba. Bayan sallar magariba ya sa aka kashe fitilu, ya zauna nesa da yarinyar, ya sunkuyar da kai ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Sai Riziki ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa ta tsoho ce, tana ƙara kamar ƙyauren da ya kwana biyu bai ga mai ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Tambayi mai gidan. A cikin katakon nan nake zaune, ina tsare musu gida tun kakansa bai yi gemu ba."

"Me ya kai ka jikin baiwar Allah?"

"Ita ta ce in shigo. Can inda suka kai ni fitila ba ta mutuwa. Tun ba a buɗe ba kowa ya zo sai ya shafa ni, ya ɗauke ni hoto, ba mai sallama. Mu ba a kallonmu, Malam, kai ma ka sani."

"In ƙofa ta dawo za ka fita?"

Vuai ya matso, gumi na tsatsafo masa. "Malam, a roƙe shi mana. Gobe manyan baƙi za su zo. Mako guda kawai, a gama biki."

Aljanin ya yi dariya ta bakin yarinyar.

"Na yarda. Ka riƙe ƙofata mako, in riƙe 'yarka mako. Kowa ya mayar da abin da ya saura."

Bi Tatu ba ta san lokacin da ta cafki wuyan rigar mijinta ba. Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba sai ranar.

"Vuai! Sunanka a jikin bango, ko 'yarka? Faɗa mini yanzu, ina ji!"

Ya dubi Riziki, wadda wuyan hannunta ya koma kamar tsinke. Ya durƙusa yana kuka.

Malam ya sa aljanin ya rantse. Ya rantse, amma ya gindaya sharaɗi: "A shafa mata mai, a bar ni cikin duhuna. Ranar da aka sake haska ni, na san hanya. An riga an ce mini in shigo."

Washegari, ana kaɗe-kaɗe, baƙi sun cika bakin teku, Vuai ya ratsa su da amalanke, ƙofar tana lulluɓe da zanen matarsa. Ya bar sunansa can a jikin bangon da ba komai. Da magariba Bi Tatu ta shafa mai, ta kunna turare. Riziki ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Biki ya yi armashi, har hukuma ta sa lungunsu cikin hanyar da ake zagayawa da baƙi. Wata ranar Alhamis ma'aikata suka kafa fitilar titi daidai gaban gidan. Rana na faɗuwa ta kama, ƙusoshin tagullar suka ɗauki ƙyalli. Riziki tana wanke-wanke tana waƙa, sai waƙar ta tsinke.

"Mama," ta ce a hankali, "wa ke kallona?"

Dutsen nan na ranar farko yana nan Bi Tatu ta ajiye a bayan randa. Ta ɗauko shi, ta yafa mayafi, ta fita.

Da safe aka ga fitilar a fashe, unguwa ta ɗauka cewa aljanin gidan Vuai ya dawo da jifa, kuma har yau ba ma'aikacin da ya yarda ya hau ya gyara fitilar. Bi Tatu ba ta ƙaryata kowa ba.