Asma'u Mai 'Yan Tsana

"Kai ne ka ce mata gidan zoo za ku je?"

Abin da Asma'u ta fara faɗa wa Mansur ke nan a duniya, ba sallama, ba sannu da zuwa. Tana durƙushe a ɗakin yara na asibiti, tana leƙen ƙarƙashin gado, inda Hauwa 'yar yayarsa mai shekara biyar ta shige tana tsala ihu. Ruwan safe ne ya rusa musu katanga a Darmanawa, ta tsage mata hannu, sai an ɗinke.

"To me zan ce mata? Ai rarrashi ne."

"Rarrashi? Katanga ta faɗo mata, kawun da ta yarda da shi kuma ya yaudare ta. Malam, matsa ka ba ni wuri!"

Ya matsa yana huci. Ita kuwa ta kwanta a ƙasa, ta zaro 'yar tsana ta ƙyalle da sirinji mara allura. "Hauwa, za a yi miki allura, kuma da zafi kaɗan. Zo ki fara yi wa wannan ki gani." Ba a yi minti goma ba yarinya ta fito da kanta.

Aikin Asma'u ke nan. Ba nas ba ce, halayyar yara ta karanta, kuma ta nace sai asibiti ya san tsoron yaro ma ciwo ne. Ma'aikata na mata dariya, sun sa mata Mai 'Yan Tsana.

Mansur tela ne a Gyadi-Gyadi. Kwana uku yana cika yana batsewa a kan keken ɗinki, wai yarinya ta ci masa fuska. Ran na huɗu sai ga shi a asibiti da 'yan tsana goma da ya ɗinka da ragowar yadi. Ta juya su, ta ce idanun sun karkace. Ta dai ba shi lambarta.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar salula ta fara shiga hannun mutane. Ya rubuta mata: "Masifaffiyata, yau yara nawa kika rarrasa? Ga babba nan ɗaya yana kan layi."

Ta amsa: "Telana, babba sai ya daina ƙarya tukuna."

Da magana ta je gida, mahaifiyarsa Hajiya Jummai ta yi tsalle ta dire. "Gandamemiyar budurwa tana rarrafe da 'yar tsana cikin marasa lafiya? Ga Asabe 'yar ƙanwata a zaune!" Mansur, da shegen son a rabu lafiya, ya ce, "Hajiya, ai da an ɗaura za ta ajiye aikin." Bai taɓa tambayar Asma'u ba.

Ranar kai lefe gidan su Asma'u a Tarauni asiri ya tonu. Ana cikin buɗe akwatuna wata gwaggonsa ta rangaɗa guɗa, ta ce madalla da amarya ta yarda za ta zauna a ɗaki. Asma'u na jiyo su daga uwar ɗaka.

Ta rubuta: "Ka sayar da aikina a bayan idona. Ni ba yarinya ba ce da za ka yi wa wayo. Ku zo ku kwashi akwatunanku."

Ya kira har sau tara ba ta ɗaga ba. A yammacin nan ya durƙusa gaban Hajiya ya ce, "Ƙarya na yi miki. Ba za ta daina ba, ni ma ba na so ta daina."

Washegari Hajiya ta yafa mayafi ta dira asibiti, bakinta cike da magana. Ta tarar da ɗakin maƙil da yaran da gobara ta ci gidajensu a Unguwa Uku. Asma'u na zaune a tabarma, yaro ɗaya a cinya, biyu sun riƙe mata hijabi.

"Ke ce kike juya min ɗa?"

"Ina wuni, Hajiya. Wallahi ina son Mansur. Amma in sai na tashi na bar waɗannan, na haƙura da shi." Ba ta sunkuyar da kai ba.

Hajiya ta buɗe baki, sai wata mata da ke gefe ta ce, "Baiwar Allah, sassauta murya. Tun jiya ɗana bai yi magana ba sai yanzu a hannunta."

Hajiya ta dubi yaran da ke manne da Asma'u. Ta ja tsaki, ta fita. Ba wanda ya zo kwasar akwatuna.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Tarauni. Da aka kai amarya gaban uwar miji, Hajiya Jummai ta ɗaga mayafin ta harare ta.

"Ni fa har yanzu ban ce ina son aikin nan ba," in ji ta. Ta dafa kan amarya. "Hutun kwana bakwai kawai, ki koma wa yaran. Allah Ya yi muku albarka, mai bakin tsiya."

Mansur ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.