Manhajar da Ta Ƙi Buɗewa

Rungume da babban kwali Malama ta shiga shagon, tana neman inda za ta ajiye a kan kantar da ta cika da wayoyi da ƙananan fankoki. Saurayin da ke bayan kantar, wanda kowa a layin ke kira Injiniya, ya share mata wuri, ya leƙa cikin kwalin, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya haɗa miki kwamfutar nan?"

"Ni."

"Ke da kanki?"

"Sukundireba ba ta tambayar mace ce ko namiji."

Ya yi dariya har kumatunsa suka lotsa, ita kuwa ta kau da kai don kada ya ga ta lura.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Lissafi take koyarwa a sakandare. Mahaifiyarta ta rasu ta bar hannun jari a wasu kamfanoni, Baba kuma ya damƙa mata kula da su. Shi ya sa ta haɗa kwamfuta mai allo biyu don saye da sayarwa daga gida. Abin da ya rage shi ne babbar manhajar da za ta riƙa tafiyar da komai, kuma ta rasa wadda za ta zaɓa: ta kamfani da kowa ke amfani da ita, ko ta kyauta.

"Ta kyauta," ya ce ba tare da ya yi tunani ba. "Ba ta da nauyi, ba ta tsayar da ke tana sabunta kanta, ɓarayin intanet ma ba su cika damun ta ba."

"Manhajar dillalin hannun jarina za ta yi aiki a kanta?"

"Ba don ita aka yi ta ba, amma zan sa ta yi."

Ta yarda.

Daga ranar ƙafarta ta saba da shagon. Yau waya ce ta saki, gobe fanka ce ke ƙara. Wata ranar da ta koma gida ta tarar da saƙonsa:

"Malamata, na duba fankar nan sau uku, lafiyarta ƙalau. Gobe ki zo hannu rabbana, ba sai kin nemo dalili ba."

Ta amsa: "Sarkin surutu. Ƙarfe huɗu."

Da labarin shaƙuwarsu ya kai kunnen Baba, bai so zancen ba ko kaɗan. Yana da nasa zaɓin, ɗan amininsa da ke aiki a banki, wanda ake ce wa Manaja. Manajan ne ma ya fara zuba wa Baba magana a falo, yana kaɗa makullin mota.

"Baba, wanda ya saka maka manhaja a kwamfuta, shi ke riƙe da makullin ɗakinka. Me ya sa ya zaɓa mata wadda ba kowa ya iya ba? Don kullum sai an neme shi."

Malama ta ji daga bakin ƙofa. Ta ce a ranta hassada ce, amma maganar ta ƙi fita daga kunnenta.

Ranar wata Litinin da safe labari ya fito cewa ɗaya daga kamfanonin ya shiga matsala. Ta zauna da sauri don ta sayar kafin farashi ya rushe. Ta danna manhajar dillali, ta ƙi buɗewa. Ta sake dannawa, shiru. Ta kashe kwamfutar ta kunna, duk da haka ta ƙi. A ɗaya allon tana kallon jan layin farashi yana gangarawa. Ta kira Injiniya sau biyar, ba a ɗauka ba. Kafin ta samu ofishin dillalin ta waya, kaso mai tsoka na abin da mahaifiyarta ta bari ya narke.

Baba bai yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi yi mata ciwo. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Shekara ashirin uwarki tana tarawa. Kada yaron nan ya sake tako min ƙofa."

Ta rubuta wa Injiniya tana hawaye: "Ka ce za ka sa ta yi. Na kira ba ka ɗauka ba. Kada ka sake nema na."

Amsarsa ta zo da azahar: "Ina kan tsani ina jan waya a wani ofis, wayata na cikin jaka. Ban taɓa asusunki ba, Allah ne shaidata. Amma laifin nawa ne."

Ba ta mayar ba. Kwana biyar ba ta cin abincin kirki. Manaja kuwa kullum yana gidan, har ya ce mata cikin murmushi, "Idan an ɗaura, sai ki huta da wannan wahalar. Ni zan riƙe komai."

Wannan maganar ce ta tashe ta. Ta je ofishin dillalin da kanta, ta nemi a buga mata jerin duk wanda ya taɓa shiga asusun. Babu kowa sai ita. Ma'aikaciyar ta kuma nuna mata sanarwar da suka aiko tun wata guda, cewa daga ranar Litinin ɗin manhajarsu a kan ta kamfani kaɗai za ta yi aiki. Ashe sanarwar na cikin akwatin saƙonninta, ba ta buɗe ba.

Ranar Asabar da la'asar, tana ɗaki tana neman ta inda za ta fara yi wa Baba bayani, ta ji sallamar Injiniya a ƙofar falo. 

"Ban hana ka zuwa ba?" muryar Baba ce.

"Ka hana, Baba. Magana ɗaya zan yi in tafi." Ya durƙusa, ya ajiye wani ƙaramin kwali da ba a buɗe ba. "Ta tambaye ni ko zai yi, na ba ta amsar da raina ke so. Na zaɓa mata abin da nake ƙauna, ba abin da aikinta ke buƙata ba. Ga ta kamfanin nan. Ta saka da hannunta, ta canza duk lambobin sirrinta. Ni ba zan taɓa ba."

Malama ta fito da takardun, ta durƙusa nesa da shi.

"Baba, bai shiga asusun ba, ga shaida. Kuma an aiko min gargaɗi, ni ce ban karanta ba."

Baba ya sa tabarau, ya bi takardun layi-layi. 

"Kai ka ce naka ne, ke kin ce naki ne."

"Nawa ne, Baba," suka faɗa tare.

"Tashi ki saka ina gani. Kai kuma zauna can."

Awa biyu ta yi tana aikin. Sau ɗaya ta kakare, Injiniya ya buɗe baki, Baba ya harare shi, ya haɗiye. Da ta danna manhajar dillali ta buɗe nan take, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Baba ya cire tabarau ya share ido. "Asara ta riga ta faru, ba za ta dawo ba. Amma na daɗe a duniya, ban cika ganin mutum ya dawo gidan da aka kore shi don ya ɗora wa kansa laifi ba. Ka turo manyanka."

Manaja bai ƙara zuwa ba. Baba da kansa ya je ya bai wa amininsa haƙuri.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta a bakin mota ya kasa saki, sai da gwaggonta ta taɓa kafaɗarsa.

"Ga ta nan," ya ce wa angon. "Ita kaɗai gare ni. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Duk wanda ke wurin ya amsa da amin. Malama ta kifa kai a kafaɗar gwaggonta tana kuka, ɗaya hannun kuma yana cikin na mijinta, har motar ta sha kwana.