Sunan da Aka Kira a Kasuwar Kifi

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Kanazawa Tatsuya ya tarbi mahaifiyarsa, Fumie, da hantsi. Tun da aka yi addu'ar kwana arba'in da tara ta babansa bai koma ƙauye ba. Bai kuma ji kewar kowa ba. Haka yake tun rasuwar: ya tashi, ya yi aiki, ya kwanta, zuciyarsa shiru kamar ba tasa ba.

Kozue, yarinyar da zai aura, ta rusuna ta karɓi jakar tsohuwar. Ita kaɗai ce 'ya a gidan Nonomura, masu yin alawar wake tun kakan kakanta, kuma a shagonsu Tatsuya yake aiki shekara biyu ke nan. Sharaɗin mahaifinta ɗaya ne: wanda zai aure ta zai ajiye sunan ubansa ya ɗauki nasu. Tatsuya ya amince tun watan jiya. Shi ma shi kaɗai ne ɗa a gidan Hasegawa, daga kansa sunan ya ƙare.

Bai gaya wa uwarsa ba. Yana cewa tausayinta yake ji. Ba tausayi ba ne, ragwanta ce.

Suka fara da tsohon lambun sarakuna. Fumie ta daɗe tana kallon ma'aikata suna ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi don kada ƙanƙara ta karya su idan ta sauka. Ta ce marigayi ya sha yi mata alkawarin kawo ta nan, kullum sai gona ta hana. Tatsuya ya ɗauke ta hoto.

A unguwar gidajen shayi Kozue ta saya mata madara mai ƙanƙara da aka lulluɓe da siririn fallen zinare. Tsohuwar ta jujjuya ta a hannu.

"Shekara arba'in ina aure, zinaren farko da na riƙe, shi ma cinyewa zan yi."

Kozue ta yi dariya, sannan ta taɓa hannun Tatsuya. "Tatsu... gaya mata yanzu fa."

"Bari tukuna."

Da azahar suka shiga kasuwar kifi. Akwai layi a ƙofar gidan abincin, sai Kozue ta rubuta suna a takardar jira, suka zauna a benci. Bayan rabin awa ma'aikaciya ta leƙo da takardar.

"Nonomura, mutum uku!"

Kafin Kozue ta motsa, Tatsuya ya miƙe ya ɗaga hannu. "Ga mu nan."

Masu sayen alawa sun daɗe suna kiransa da sunan, jikinsa ya saba amsawa. Sai da ya waiwayo ya ga uwarsa tana zaune ba ta tashi ba, tana kallon hannun nan da ya ɗaga.

Aka kawo shinkafa da ɗanyen kifi da ƙaguwa. Fumie ta haɗa tafukanta ta yi godiyar abinci, ta ci loma uku, ta ajiye sandunan cin abincin.

"Yaushe ka yarda?"

"Watan jiya, Mama."

Kozue ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tebur. Ta ce laifinta ne, za ta koma ta roƙi mahaifinta, idan ya ƙi za ta haƙura, ba za ta raba ɗa da gidansu ba. Da gaske take.

"Ɗago kanki, 'yata. Ke kin tsaya wa gidanku, ba ki yi laifi ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuwa... a bakin mai kiran layi zan ji?"

Ya fara cewa zai riƙa zuwa yana wanke kabarin babansa duk shekara. Ta katse shi, ta ce wannan dole ne, ba kyauta ba ce. Sannan ta tambaye shi ko yana son yarinyar, ko dai shagon ne ya saba da shi. Ya kalli Kozue. Ya ce wata bakwai ke nan ba ya jin komai, amma idan ta fita daga ɗaki yana sani.

Fumie ta miƙa hannu.

"Hatimin babanka da na ba ka ranar jana'iza. Kawo."

Yana cikin jakar kuɗinsa. Ya ciro ɗan katakon da aka sassaƙa Hasegawa a kansa, ya ajiye a tafinta. Ta naɗe shi a hankici, ta ce idan ta mutu a sa mata shi cikin akwatin gawarta.

Ta ɗauki sandunanta, ta dubi Kozue.

"Ku sa rana kafin ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauye. Ba na son in makara."