Tabon Ruwan Jego

"Amaryarmu, tashi tsaye in auna ki! Lambar takalmi na samu, saura ta rigar mama."

Ummukulsum ta ƙara jan hijabinta. Binta, yayar Halilu saurayinta, tun daga Nasarawa Burkullu ta hawo babur zuwa Gummi don haɗa lefe, kuma mace ce da ba ta san kara ba. Har ta zaro tef ɗin tela daga jaka.

"Haba Yaya Binta... ku sawo ko wacce."

"Ko wacce? A buɗe akwati gaban dangi a ce ba mu san girman amaryarmu ba? Cire hijabin nan!"

Inna ce ta cece ta. Ta shigo da kwanon fura tana cewa, "Bar ta, Binta, kunya gare ta. Ni zan aiko muku da lambar."

Binta ta sha furarta, ta yi ta tsokana, ta tafi. Ummukulsum kuwa sai ta zame ƙasa tana kuka, don abin da ke ƙarƙashin hijabin nan ba na aunawa ba ne.

Tana da shekara biyar, Inna na wankan jegon ƙaninta, ta shigo da gudu ta faɗa kan tukunyar tafasasshen ruwa. Allah ya yi da sauran kwana, amma fatar gefen hagu na ƙirjinta ta tattare. Da ta zama budurwa, na dama ya fito, na hagu ko alama. Tun daga nan auduga take cusawa kowace safiya kafin ta tafi makarantar firamaren da take koyarwa. Ko ƙawayenta ba su taɓa ganin ta canza riga ba.

"Kin ga abin da nike hwaɗa miki?" in ji Inna, ba tare da ta dube ta ba. "Yau tef, gobe wankan amarya. Ki amsa maganar Abdussalam ki huta."

Abdussalam ɗan wan Inna ne, malamin asibiti a Zariya. Shi ya aiko da wasiƙa cewa wasu likitoci za su zo daga waje, suna sa wata roba mai taushi a ƙarƙashin fata, ta tashi kamar na halitta. Sai dai fatar ƙuna ba ta miƙuwa, dole a yi aikin sau biyu, wata shida a tsakani. Biki kuma saura wata uku.

"To me za mu ce wa su Halilu?"

"Mu ce an tura ki kwas. Malamai ba su tahiya kwas?"

"Ƙarya fa ke nan, Inna..."

"Ƙaryar da za ta rufa miki asiri! Saniyata ma na ce a kai kasuwa don kuɗin aikin."

Kwana huɗu Ummukulsum ba ta da sukuni. Wani lokaci ta ji tana so, wallahi tana so, ko sau ɗaya ta sa riga ba tare da ta duba gefen hagu ba. Wani lokaci kuma tsoron wuƙa ya kama ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Halilu, mutumin da ko buhun geron da ya sayar yana da tsakuwa sai ya gaya wa mai saye.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo zance. Ta zauna a zaure a karkace kamar kullum, ta ba shi gefen dama.

"Ummuna, yau ko murmushi babu? Binta ta ɓata miki rai ko?"

"An... an tura ni kwas Zariya. Sai an ɗaga biki."

"Wane irin kwas?"

Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita. Ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Ba kwas ba ne. Asibiti ne. Ni ba cikakkiyar mace ba ce, Halilu... na ƙone tun ina yarinya, gefe ɗaya babu komai. Auduga ce! Shekara guda ina yaudararka da auduga!"

Ta jira ta ji ya tashi. Bai motsa ba.

"Na sani," ya ce a hankali.

"Ka san me?"

"Goggona Amariya ce ta yi wa Inna wankan jegon nan. Ita ta sure ki daga cikin ruwan. Ranar da munka fara binciken aure ta kira ni ɗaki, ni da Baba kaɗai, ta gaya mana. Na ce na ji, a ci gaba."

Kai, gara da tashi ya yi! Wata irin kunya ta lulluɓe ta har kunnuwanta suka yi zafi. Ashe duk zaman karkacen nan, duk gyaran hijabin nan, yana kallo yana sane.

"Shi ne ba ka taɓa ce mini komai ba?"

"Ta ina zan fara, masoyiyata? Jira nake ki yarda da ni. In don ni ne, kar a sa miki wuƙa. In ranki ke so, bayan biki ni zan kai ki Zariya da kaina, in zauna bakin ƙofa. Amma kwas ɗin ƙarya kam ba ki zuwa."

Da ya tafi ta shiga gida. Inna na tankaɗe a ɗaki, ta ba ƙofa baya.

"Inna, ya sani. Tun farko ya sani, kuma ya ce ya yarda. A fasa kai saniya."

Rariyar ta tsaya. "Ko ya yarda, ki tahi a yi."

"Don wa?"

Inna ta koma tankaɗenta.

"Inna, don wa za a yanka ni?"

"Don in iya kallonki!" Muryar Inna ta karye. "Ni na aje tukunyar nan a hanya. Ni! Shekara goma sha takwas in kina wanka sai in bar gidan..."

Ummukulsum ta tura ƙofa. Ta cire hijabi, ta cire riga, ta zare audugar ta ajiye. Ta durƙusa gaban uwarta, ta kamo hannun nan mai gari ta ɗora a kan tabon.

"To kalle ni yanzu."

Da ƙyar Inna ta ɗago ido. Ta daɗe tana kallo, yatsunta na bin tattararriyar fatar, hawaye na ɗiga cikin garin tuwo.

"Ɗiyata... yana yi miki ciwo?"

"Ya daina tun ina aji biyu, Inna. Ba ki taɓa tambayata ba ne."