Kwaɗo a Rijiyar Liman

A bakin rijiyar masallaci Anwar ya fara ganin Nasiba, a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Bai daɗe da dawowa daga karatu a Maroko ba, aikinsa ɗibar ruwan ƙauyuka ya kai labo, wato ɗakin gwaji, a Illela. Ita kuma tana jan guga.

"Malam, sayarwa za ka yi?" ta ce.

"Aunawa zan yi."

"To auna da ladabi. Kakana ya haƙa ta."

Ya tafi da kwalbar ruwa da lambar wayarta. Kafin damina an san shi a zauren Liman Barmo, mahaifinta, har manya sun fara maganar aure.

Da ruwa ya sauka sosai, yaran ƙauyen suka fara zawo. Anwar ya sake aunawa, ya gano masai, wato bayan gidan masallaci, ne yake tsiyaya cikin rijiyar. Bai je wurin Liman ba. Meri ya nufa, ofishin magajin gari. Ranar Juma'a mutane suka zo alwala, suka tarar an rufe rijiyar da murfin ƙarfe da kwaɗo.

Saminu, ɗan wan Liman, wanda ya daɗe yana son Nasiba, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Wanga yaro ya baro Allah can ƙasar waje! Ruwa bai canza launi ba, ba wari, ba ɗanɗano. Littafi ya ce mai tsarki ne, kwalba ta ce a'a?"

Liman ya ce kada Anwar ya ƙara taka ƙofarsa.

Da yamma saƙon Anwar ya shigo wa Nasiba: "Sanyin idona, wai ni ne kafiri. Ni da nake shimfiɗa darduma tsakanin kwalabe. Ban karanta komai ba sai abin da Allah ya halitta."

Ta mayar masa: "Gwanina, ba kafiri ba ne kai, marar ladabi ne. Ka san hanyar meri, ba ka san hanyar zauren Baba ba?"

Sannan ta kai wa mahaifinta tuwo, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, jarirai nawa ka yi wa sallah damanar nan?"

"Ajali ne, ɗiyata."

"Ajali ne. Amma da ƙafarka ta kumbura, asibiti ka tafi, ba ka zauna jiransa ba. Ko ran jarirai bai kai ƙafa ba?"

Ya ture kwanon. Bai ci ba, bai kuma kore ta ba.

Ranar kasuwar Illela Liman ya shiga labo da gorar ruwan rijiyar da ya ɗebo daga randar gidansa, don kada a ce an sauya masa. Anwar ya ɗiga a gilashi, ya gyara madubin duba ƙwayoyin cuta. Tsohon ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye.

"Motsi suke."

"E, Baba."

"Subhanallahi. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane akwai halittun da ido ba ya gani." Ya ɗago da fushi. "Kai kuma ka ga wannan, ka wuce ƙofata? Da ka zo, da bakina zan hana sha a kan mumbari. Wa ya ce maka malami ba ya son ransa?"

Anwar ya durƙusa. "Na yi kuskure."

"Babba ma. Miƙo mabuɗi."

Aka cike masan, aka haƙa wani nesa, aka yashe rijiyar aka zuba jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai da Anwar ya sake aunawa Liman ya cire kwaɗon da hannunsa.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Saminu ya zo da gorar ruwan shansa da ya sayo a Konni. Liman ya karɓe ta, ya miƙa masa moɗar ruwan rijiya.

"Sha na kakanka. Surukina ya auna."

Sannan ya ɗaga hannu. "Allah ya ba su zuri'a mai rai da lafiya, ya ƙara wa yaron nan ladabi."

Daga cikin gida amin ɗin Nasiba ya fi na kowa ƙarfi.