Tsohuwar Kwarin Tarka

Bayan samun 'yancin kai aka turo ni Dakoro, ina injiniya, in auna kwarin Tarka inda za a gina gada. Ran nan da almuru, leburori sun watse, sai ga wata tsohuwa tana warin tsohuwar rijiya. Ko sallama babu.

"Turken ƙarfen can a ɗakina ka kafa shi. Tumɓuke shi."

"Inna, aikin gwamnati ne. Ba ni wuri."

Ta nufi turken. Na leƙa madubin na'urar awona don in ga ko za ta taɓa shi. Madubin kullum a kife yake nuna komai. Itatuwa a kife, turken a kife. Ita kuwa a cikin madubin tana tsaye daidai, tana kallona.